Cin fatake, zaman kanti: yadda jiki ke bijire wa insulin a Zangon Kumasi

Tsakanin 2012 da 2015, masana daga jami'ar KNUST ta Kumasi da Jami'ar Ghana, tare da abokan aikinsu na Turai, sun auna jini da nauyi da faɗin ƙugun 'yan Ghana fiye da 5,000 a ƙauyukan yankin Ashanti, da biranen Kumasi da Obuasi, da kuma Amsterdam da Balin da Landan. Sunan aikin RODAM, Farfesa Charles Agyemang na Jami'ar Amsterdam ne ya ja ragamarsa, aka fitar da sakamakon a 2016. A ƙauye, maza kusan 4 cikin 100 aka samu da ciwon sukari. A Kumasi da Obuasi adadin ya kai 10, a Balin kuwa 15. Ƙiba mai yawa a wajen mata ta fi haka tazara: kimanin 8 cikin 100 a ƙauye, 34 a birni, 54 a Landan. Mutanen ƙasa ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne abin da suke ci da yadda suke wuni. Binciken farko-farko da aka yi a Ghana a shekarun 1950 da 1960 bai samu ko mutum 1 cikin 100 mai wannan ciwo ba. Ke nan abin da ke cika benci a asibitin Komfo Anokye da na Manhyia ba dare ɗaya ya sauko ba. Shekaru yake yi yana ginuwa a jiki ba tare da ya kwantar da mutum ba, kuma a cikin waɗannan shekarun ne ake iya juya shi da arha, da ƙafa da kuma abin da ke cikin kasuwarmu.

Duk abin da muka ci mai sitaci, tuwo ne ko shinkafa ko doya ko burodi, hanji na narkar da shi ya koma sukari ya shiga jini. Mutane da yawa nan suke yin kuskure, su ɗauka sai abu ya yi zaƙi a baki yake zama sukari a jini. Da sukarin ya hau, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin. Aikinsa shi ne ya sa tsoka da hanta da kitsen jiki su karɓi sukarin, su ƙona na ƙonawa, su ajiye saura. Shi ne kuma ke tsawatar wa hanta ta daina zuba nata sukarin a jini, domin hanta ma tana haɗa sukari, da shi take riƙe mu cikin dare da lokacin azumi. Bayan Frederick Banting da Charles Best sun tace insulin a Toronto ta Kanada a 1921, an ɗauka ciwon sukari rashinsa ne kurum. Sai a 1936 wani likitan Landan, Harold Himsworth, ya nuna cewa masu ciwon iri biyu ne: akwai waɗanda allurar insulin ke sauke musu sukari nan take, akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya jin ta sosai. Iri na biyun su ne kusan 9 cikin kowane 10 na masu sukari a duniya, kuma tushen halin da suke ciki shi ne bijirewar jiki ga insulin.

Wanda ya san sito a kasuwar Kejetia ko Alabar zai gane abin da sauƙi. Mota ta sauke kaya, yaron shago ya buga ƙofa, mai sito ya buɗe aka shigar. Muddin kaya na fita kullum, babu rigima. Amma in ciniki ya tsaya, motoci kuma ba su fasa zuwa ba, sito zai cika har bakin ƙofa. Yaro ɗaya ya buga a ƙi buɗewa, sai an turo uku, daga baya goma, kafin a cusa buhu guda. Haka fankiriyas ke yi, tana ninka insulin don ta tilasta wa tsoka da hanta su karɓa. Takan yi shekara biyar, goma, har fiye, tana samun galaba, shi ya sa in aka soki yatsa aka auna sai a ga sukari daidai, mutum ya koma gida da murnarsa. Ranar da ta gaji ta fara kasawa ita ce ranar da lamba ke hawa a na'ura, a ce wane ya kamu, alhali kamun ya daɗe. Kuma yawan insulin a jini ba ya zuwa shi kaɗai. A 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford ya haɗa shi da hawan jini da lalacewar kitsen jini da ciwon zuciya. Alhajin da ke shan maganin hawan jini tun shekara goma, yau aka ce masa ga sukari, sau da yawa ciwo ɗaya ne ya fito masa ta kafa biyu.

Ina bijirewar ke farawa? Kitsen da ke ƙarƙashin fata, a cinya da ɗuwawu, bai cika yin ɓarna ba. Wanda ke ɓarna shi ne kitsen da ya rasa wurin zama ya shige cikin hanta, ya lulluɓe kayan ciki, ya ratsa tsoka. Hanta mai kitse ba ta jin tsawar insulin, sai ta kwana tana zuba sukari a jini, mutum ya tashi da asuba bai ci komai ba amma sukarinsa a sama. Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle a Ingila ya nuna wannan a 2011. Ya sa mutum 11 masu ciwon sukari a kan abinci ɗan kaɗan, kimanin kalori 600 a rana, na mako takwas. Cikin mako guda kitsen hantarsu ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, sukarinsu na safe ya dawo daidai, kafin ƙarshen mako na takwas kuma fankiriyas ta farfaɗo. Taylor na ganin kowa da iyakar kitsen da jikinsa ke iya ɗauka lafiya: wani sai ya yi ƙato kafin ya ƙetare tasa, wani kilo biyar kan nauyinsa na samartaka ya isa. Binciken da aka yi a nan asibitin Komfo Anokye a 2007 da 2008 ya zo daidai da haka, don ya nuna cewa faɗin ƙugu ya fi sikelin awon nauyi nuna wanda ke cikin haɗari.

Saboda haka awo na farko ba ya bukatar asibiti. A samu igiya a auna tsawon mutum daga kai zuwa diddige, a ninka ta biyu, a zagaya da ita ciki daidai wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, ƙugu ya wuce rabin tsawo, kuma wannan alama ce da hukumomin lafiya ke ɗauka da muhimmanci. Akwai wata alamar da ke fitowa a fata: baƙi mai kauri da laushi a bayan wuya ko hammata, wanda uwa kan ɗauka dauɗa ce ta yi ta dirza wa yarinya da soso, ko budurwa ta bi shi da man bilicin. Yawan insulin ne ke kawo shi, sabulu ba ya fitar da shi. Ga mace, rikicewar al'ada tare da gashin haɓa da jinkirin haihuwa na iya zama daga nan, haka wadda sukarinta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki ko ta haifi jariri mai fiye da kilo 4. A asibiti kuwa, gwajin sukarin safe kafin a ci komai shi ne mafi sauƙi. A ma'aunin da asibitocin Ghana ke amfani da shi, ƙasa da 5.6 lafiya ne, daga 5.6 zuwa 6.9 mutum na bakin gaɓa, 7 ko fiye, in aka maimaita aka sake samu, ciwon sukari ne. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, sai dai yakan yi ruɗi ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, don haka a gaya wa likita in akwai ɗaya daga ciki.

Da an kawo zancen abinci, amsar da ake fara ji a majalisa ita ce: kakanninmu tuwo suka ci safe da dare, wa ya ji suna sukari? Maganar gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa. Kakannin da suka kafa Zango fatake ne. Daga Kano da Katsina da Sakkwato suke tasowa da jakuna, su yi watanni a ƙasa kafin su isa Salaga ta ƙasar Gwanja su sayi goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, ciniki ya gangaro kudu, zangon baƙi ya zama unguwanni. Mutumin da ya wuni yana kora jaki, ko matar da ta yi surfe da daka da jan ruwa a rijiya, duk malmalar da suka ci tsokarsu na jiran ta. Jikansu kuwa yana fita daga Aboabo ko Sawaba ya hau pragya, babur mai ƙafa uku, ya zauna a kanti daga hantsi zuwa magariba, abinci na iske shi a kan benci, ya sake hawa pragya ya koma. Malmalar ba ta ragu ba, tafiyar ce ta ɓace. Kuma tuwon ma ba shi ne na da ba. Geron da aka daka a turmi yana da tsaki da sauran dusa, hanji na ɗaukar lokaci kafin ya narkar da shi. Garin masarar da injin ya niƙe lukui, aka haɗa da garin rogo don ya yi santsi, yana zama sukari cikin hanzari. Sannan ga abubuwan da fatake ba su san su a matsayin cimar kullum ba: farar shinkafar da ake shigowa da ita daga Asiya, burodi mai sukari, taliyar leda, madarar gwangwani mai zaƙi.

A tsaya wajen mai koko da sassafe a Asawase a ga yadda abin ke tafiya. An jiƙa gero, an niƙa da citta da kanumfari da barkono, an tace dusar an zubar, abin da ya rage sitaci ne zalla a ruwa, wanda ba ya bukatar tauna kuma ba ya daɗewa a ciki. Mai koko ta ɗebo a leda, ta kai babban cokali cikin robar sukari, sau biyu ko uku, in mai saye ya yi shiru ma ta ƙara don kada a ce kokonta salam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce gram 50 a rana ga babba, kimanin ƙaramin cokalin shayi 12, gara ma a tsaya a 6. Leda ɗaya ta koko na iya cinye rabon yini tun rana ba ta fito ba. In aka haɗa ta da burodi ko fanke, an ɗora sitaci a kan sitaci, kafin azahar yunwa ta dawo da ƙarfinta. Amma a kusa da tukunyar kokon nan akwai kaskon ƙosai, kuma a ganina wanda ya fara haɗa koko da ƙosai ya fi mu sanin abin da yake yi. Wake na da furotin da ɓawo mai rage saurin shigar sukari jini, har an gano tun farkon shekarun 1980 cewa wanda ya ci dangin wake da safe, sukarinsa ba ya hawa sosai ko bayan abincin rana. Ƙaramin koko ba sukari ko da rabin cokali, da ƙosai ko dafaffen ƙwai ko ɗan gyaɗa, karin kumallo ne da ba za a raina ba. Harshe kan yi mako biyu ko uku yana ƙorafi, daga nan ya saba.

Waakye ma haka take. Asalinta wake ne da shinkafa da karan dafi, haɗi mai kyau. Abin da ya ɓata ta shi ne waken ya yi ta ja da baya har sai an tona ake ganinsa, sannan a kan ganye ɗaya a zuba shinkafa, a ɗora taliya, a barbaɗa garin rogo, a kawo soyayyiyar agada a gefe. Sitaci huɗu ke nan a zama ɗaya. Wanda ya ce wa Hajiya mai waakye ta rage shinkafa, ta bar taliya da gari, ta ƙara kabeji da ƙwai ko kifi, bai ƙara kuɗi mai yawa ba, amma ya canja abin da zai faru a jininsa cikin awa biyu. Da dare kuma tuwon zafi ne ko banku ko fufu, galibi bayan lisha, a ci a miƙe a kan katifa. A nan gyaran shi ne a juya lissafin: miya ta zama ita ce abincin, tuwo ya zama rakiya. Malmala kamar dunƙulen hannun mai ci, miyar ayoyo ko kuka ko kuɓewa ko kontomire kwano cike, da kifi ko nama, a kuma fara da ganye da naman kafin a kai hannu ga tuwo, domin gwaje-gwaje sun nuna cewa jeranta abinci haka na rage hawan sukari ko da abincin bai canja ba.

Abin sha ya fi komai saurin ɓarna, don ba ya ƙosarwa. Gwangwanin lemo mai mililita 330 na ɗauke da sukari kusan gram 35. Ruwan malt da ake kai wa majinyaci da mai jego da sunan ƙarin jini, sukari ne a kwalba. Zoɓo da lamurje da burkina asalinsu lafiya lau, sukarin da ake narkawa a ciki ne matsalar, kuma zuma ko sukari mai ruwan ƙasa ba su fi farin sukari sauƙi a jini ba. Ga kuma shayin ataya a majalisar samari, zagaye uku, kowane da sukarinsa, ana hira har ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, sannan a tashi sallar asuba. Nan ɓarna biyu ce, domin rashin barci shi kansa yana sa jiki bijire wa insulin. A 1999 masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin samari 11 lafiyayyu zuwa awa huɗu na dare shida, sai jikinsu ya koma sarrafa sukari kamar na tsofaffi, da suka rama barcin ya dawo daidai.

Shin da gaske abin na juyawa, ko dai kwantar da hankali ne irin na likita? Wannan tambaya an gwada ta a kan dubban mutane. A birnin Da Qing na Sin, daga 1986, an bi mutum 577 da ke bakin gaɓa na shekara shida, waɗanda aka sa su gyaran abinci ko motsa jiki ko duka biyun haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 31 zuwa 46 cikin 100. A Finland a 2001 an samu ragin kashi 58. A Amurka a 2002, cikin mutum 3,234, waɗanda aka nemi su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58, waɗanda aka ba ƙwayar metformin kuwa da kashi 31. Ga mai kilo 85, kashi 7 cikin 100 kilo 6 ne kacal. Ko bayan ciwon ya kama ƙofa ba ta rufe ba. A gwajin DiRECT na Birtaniya da aka fitar a 2017, cikin masu ciwon da bai wuce shekara shida ba, kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya koma ƙasa da mizanin ciwo ba tare da magani ba bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. A shekara ta biyu adadin ya sauka zuwa kashi 36, don wasu nauyin ya dawo, ciwon ya biyo shi. Lafawa ce ke nan, mai ɗorewa gwargwadon ɗorewar halin da ya kawo ta. Mai cewa ai jikin Bature daban yana da hujjar tambaya, amma gwajin Amurka kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanensa baƙar fata ne, kuma sun amfana kamar kowa. A Katar a 2020 irin wannan tsari ya lafar da ciwon ga kashi 61 cikin 100 na mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. RODAM ɗin ma ta dawo a 2017 ta nuna cewa bambancin sukarin safe tsakanin ɗan ƙauyen Ashanti da ɗan birni ya fi alaƙa da bijirewar jiki ga insulin a kan gazawar fankiriyas.

Motsi na da wani sirri da abinci ba shi da shi. Tsoka ce ke karɓar mafi yawan sukarin da insulin ke turawa, kuma tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin bai ce mata komai ba. Bayan an gama ma takan yi yini ɗaya zuwa biyu tana jin insulin fiye da da, shi ya sa tafiyar kullum ta fi gudun ranar Lahadi kaɗai. Lokacin tafiyar ma na da tasiri: wani gwaji a Jami'ar Otago ta New Zealand a 2016 ya gano cewa minti 10 bayan kowane abinci ya fi minti 30 a dunƙule sauke sukari, musamman bayan abincin dare. Ga namiji a Zango hanyar a buɗe take. Ya ci tuwonsa bayan magariba, ya taka zuwa masallacin da ke ɗan nesa don lisha, ya sauka daga pragya kafin a kai shi ƙofar kanti. Mace ce abin ya fi yi wa wuya, ga lungu matsattse da kwata, ga bakin mutane in aka gan ta tana sauri ba dalili. A nan ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya da ke da fili za su iya yin abin da asibiti ba zai iya ba, su ware rabin awa a harabar da ba idon maza. Kafin a samu haka, tashi da zama daga kujera sau goma sha biyar, hawa bene, daka da shara, duk tsoka ba ta ware su daga motsa jiki.

Ƙorafin kuɗi shi ne mafi nauyi, kuma ba a kawar da shi da nasiha. A Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100, kuma sitaci ne hanya mafi arha ta cika cikin gida mai mutum goma. 'Yar dakon da ke kwana a rumfa a Kejetia ba ta da zaɓi mai yawa. Amma yawancin gidajen da sukari ke shiga a Zango suna sayen lemo da madarar gwangwani da burodi kullum, kuma kuɗin nan zai sayi wake da gujiya da gyaɗa da gauta da alayyafo da busasshen kifi. Ba a bukatar tuffa ko wani hatsin gwangwani daga babban kanti. Gwamnati ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan lemuka masu zaƙi a 2023, mataki ne mai kyau, sai dai bai kai ga cokalin mai koko da butar ataya ba, waɗannan sai mai sha ya buɗe baki ya ce a rage.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a asibiti ba, wato kunyar rama. A wajenmu teɓa shaidar buɗi ce, "Alhaji ya ajiye tumbi" yabo ne. Amarya in ta murje a ce miji na kula da ita, in ta zube a fara tambaya: "Lafiya kuwa, Hajiya? Me ke damun ki?" Wanda ya rage kilo takwas da gangan sai ya sha bayani a kowane suna da biki, wasu ma a yi musu zargin ciwon da ba a faɗa. Wannan kunyar ce ke kai 'yan mata ga ƙwayoyin ƙiba, kuma wasu daga cikinsu, irin su dexamethasone, kai tsaye suke sa jiki bijire wa insulin, su tara kitse a ciki da fuska, su hau da sukari. Mayukan bilicin masu irin wannan sinadari ma suna ratsa fata in an daɗe ana shafawa. Iyali da suka san dalilin ramar ɗan'uwansu su ne garkuwarsa, domin tukunya ɗaya ake ci, kuma wanda aka ware wa abincinsa daban kamar majinyaci ba ya jurewa wata uku.

Gado gaskiya ne. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da sukari haɗarinsa ya fi na wani, haka wanda aka haifa ƙarami ko ya sha yunwa yana yaro a ƙauye sannan ya zo birni ya samu wadata. Amma gado na nuna wanda ya kamata ya fara awo da wuri ne, tun yana shekara talatin da 'yan kai. Yawancin mutanen gwajin Amurka suna da mai sukari a danginsu, duk da haka suka amfana. Sai dai a kiyaye abu guda: ba kowane ciwon sukari ne daga bijirewa ba. Yaro ko saurayi siriri da ya fara yawan fitsari da ƙishirwa yana zubewa cikin makonni, mai yiwuwa insulin ɗinsa ne ya ƙare, kuma wannan allura ce ke riƙe da ransa. Rage masa tuwo ko hana shi allura don ana jiran abinci ya yi aiki na iya kashe shi cikin kwanaki.

Masu lasifika a tashar mota da gidajen rediyo sun gina kasuwarsu a kan tunanin cewa ɗaci na kashe zaƙi, ga shuwaka, ga ganyen darbejiya, ga jiƙo a jarka. Ba a raina tsiro, metformin ɗin ma asalinta daga binciken wani tsiron Turai ne kafin likitan Faransa Jean Sterne ya gwada ta a kan majinyata a 1957. Bambancin shi ne an san adadinta, an san illarta, an san wanda bai kamata ya sha ba. Jiƙon jarka babu mai iya gaya maka ƙarfinsa, ƙoda ce ke biyan kuɗin gwajin, kuma babu ɗacin da ke fitar da kitse daga hanta alhali ana ci gaba da zuba shi. Shuwaka a miya ganye ce mai amfani, nan ne matsayinta. Wanda kuma yake kan magani ya fara gyaran abinci da tafiya, kada ya ajiye ƙwaya da kansa. Ya riƙa awo, ya kai wa likita lambobin, domin in jiki ya fara jin insulin, adadin da ya dace jiya zai iya faɗar da sukari ƙasa, musamman ga mai allura ko mai shan glibenclamide.

Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a watan azumi. Awa goma sha uku ba ci dama ce ga hanta ta rage kayanta, amma buɗa-baki da koko mai sukari da masa da fanke da lemo, sannan tuwo bayan asham, sannan shinkafa da sahur, kan sa wasu su fito Sallah da nauyin da ya fi na Sha'aban. Dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, sai ƙosai ko alala ko farfesu, sai ƙaramin abinci bayan magariba kafin a taka zuwa asham, da sahur mai wake ko ƙwai ko fura da nono ba sukari, ya fi riƙe mutum har la'asar. Ƙa'idojin da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da likitocin ƙasashen Musulmi a 2016, aka sabunta a 2021, sun ce mai ciwon ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin watan don a daidaita masa magani, sukar yatsa don awo ba ta karya azumi, kuma in sukari ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6, a sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira salla.